KIMIYYA A SAUƘAƘE: Maganin Ƙwari Mai Kiran Suna

A wannan wata za mu taɓo wata magana wadda da jin ta mutum zai ce zancen Turawa ne da ɗakunan bincikensu, amma in aka bi ta sannu a hankali sai a ga ta zo har bakin buhun wakenmu da huhun goronmu.

Duk wanda ya tashi a Zango ya san yadda ake fama da ƙwari. Mai wake in ya ga sun fara huda masa kaya sai ya nemo kwalbar fiya-fiya, ko ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu, ya sa ya ɗaure baki. Mai goro yana tsoron sankara, shi ma yana da abin da yake barbaɗawa kafin mota ta ɗauka zuwa Legas ko Kano. Manomin masara a Techiman ko Tamale kuwa ba ya rabuwa da tulun feshi a baya. Ba mu ga laifin kowa ba, don babu mai son ya zuba ido dukiyarsa ta zama gari. Sai dai waɗannan magunguna suna da hali guda, watau ba su san kowa ba. Yawancinsu jijiya suke kamawa, ita kuwa jijiya ko ta ƙwaro ce, ko ta ƙudan zuma, ko ta kifi, ko ta ɗan Adam, aikinta kusan iri ɗaya ne. Saboda haka abin da ya kashe ƙwaron wake yana iya kwantar da yaron da ya ci waken. A shekarar 1990 da 'yan kai ma ana wannan kuka, kuma bai ƙare ba. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan gubar diklobos da aka riƙa samu a cikinsa, ita ce gubar da ke cikin fiya-fiya.

To, masana kimiyya sun fito da wata dabara ta daban. Maimakon guba mai kashe duk abin da ta tarar, sai a haɗa magani wanda aka rubuta wa sunan ƙwaro guda, in wani ƙwaron dabam ya ci ya wuce lafiya. Turawa suna kiran dabarar da harufan RNAi. Mu dai a nan za mu kira ta toshe bakin ƙwayar gado, don abin da take yi ke nan.

Kafin mu yi nisa, dole mu ɗan koma makaranta. Jikin kowace halitta, daga ƙwaro har giwa, an gina shi da ƙananan ɗakuna waɗanda ido ba ya gani. A cikin kowane ɗaki akwai wani kundi da ake kira DNA, inda aka rubuta yadda za a ƙera duk abin da jiki yake bukata. Kowane babi na kundin shi ne ƙwayar gado guda. Kundin nan ba ya fita daga ma'ajiyarsa. In jiki yana bukatar wani abu, sai a kwafi babin da ya dace a kan wata 'yar wasiƙa, a aika da ita maƙera, a can a karanta a ƙera furotin. Wannan wasiƙa ita ce RNA, kuma da harufa huɗu kacal ake rubuta ta. Sili ɗaya gare ta, kamar zare guda. In wasiƙa ba ta isa ba, maƙera ba ta yin aiki, ko da kuwa kundin yana nan lafiya lau.

Yadda aka gano cewa ana iya tare wasiƙar a hanya abin dariya ne. A shekarar 1990 wani masani a Kalifoniya ta Amurka mai suna Richard Jorgensen, shi da abokiyar aikinsa Carolyn Napoli, suka so su ƙara wa wani fure mai suna fetuniya duhun launi. Suka ƙara masa kwafin ƙwayar gadon da ke yin launin, suna sa ran ya fito shuɗi sosai mai ɗaukar ido. Da furannin suka buɗe sai ga da yawa daga cikinsu farare fat, wasu kuma dabbare-dabbare. Garin neman ƙiba an samo rama. Ƙwayar da aka ƙara ta yi shiru, ta asalin ma ta yi shiru, kuma ba wanda ya iya cewa ga dalili.

Sai bayan shekara takwas amsa ta fito, kuma ba daga fure ba, daga wata 'yar tsutsar ƙasa wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello, su ma 'yan Amurka, suka ba da rahoton abin da suka gani. Sun yi wa tsutsar allurar RNA mai sili ɗaya, ba abin kirki da ya faru. Da suka haɗa sili biyu suka tufke su kamar igiya, suka zaɓi harufan da suka dace da ƙwayar gadon da ke kula da tsokar tsutsar, sai 'ya'yanta suka kama makyarkyata, tamkar an cire musu ƙwayar baki ɗaya. A 2006 aka ba mutanen nan biyu lambar yabo ta Nobel a fannin likitanci. Masu bin al'amarin sun san cewa shekara takwas gaggawa ce a wajen masu ba da wannan lamba, don akwai waɗanda suka yi shekara talatin suna jira.

Abin da ya bayyana shi ne, wannan ba sabon abu ba ne da ɗan Adam ya ƙirƙira, Allah ne Ya halicci jiki da shi don tsaron kai. Ƙwayoyin cuta na bairos da yawa sukan yi RNA mai tufka biyu sa'ad da suke hayayyafa cikin jiki. Saboda haka da zarar ɗakin halitta ya ga mai tufka biyu, sai ya ɗauke ta a matsayin baƙon da bai yi sallama ba. Akwai wani sinadari mai aikin almakashi da zai yayyanka ta gutsi-gutsi, kowane gutsure harufa 21 ko kusa da haka. Daga nan wasu dogarai su ɗauki gutsuren su riƙa zagayawa da shi kamar hoton ɓarawo. Duk wasiƙar da suka tarar harufanta sun dace da abin da ke hannunsu, sai su kekketa ta. Dabarar masana ita ce su ba dogaran hoton ɗan gida. In ka rubuta mai tufka biyu da harufan wata ƙwayar gado wadda ƙwaro ba ya rayuwa sai da ita, ka ba shi ya ci, to dogaran jikinsa ne da kansu za su riƙa kekketa wasiƙun da yake bukata, har ya mutu.

Kafin a yi zancen kashe ƙwari, wannan dabara ta fara amfani ne wajen bincike, kuma a ganinmu har yanzu a nan ne ta fi yin aiki. Da can in masani yana son ya san aikin wata ƙwayar gado sai ya yi shekaru yana jiran ya dace da ƙwaron da aka haifa da nakasa a wannan wuri. Yanzu kuwa sai ya toshe mata baki ya ga abin da zai lalace, kamar mai gyaran lantarki da ke zare waya ɗaya-ɗaya don ya ga wane ƙwai ne zai mutu. Abin da zai ba masu karatu mamaki shi ne, ɗaya daga cikin manyan ƙwarin da ake wannan bincike da su shi ne ɗan jan ƙwaron nan da matanmu ke tankaɗe shi daga garin fulawa da garin masara. Jikinsa yana karɓar maganin ƙwarai, har in aka yi wa uwa allura sai a ga sakamako a jikin 'ya'yan da ke cikin ƙwai. A 2008 aka gama karanta kundinsa gaba ɗaya, shi ne na farko a cikin danginsa na ƙwari masu taurin baya. Masana a jami'o'in Jamus, musamman ta Göttingen, sun bi dubban ƙwayoyin gadonsa ɗaya bayan ɗaya suna toshewa suna rubuta abin da ya faru. Daga wannan aiki aka san wuraren da in an taɓa ƙwaro ba ya tashi.

Haka kuma aka yi da sauro. A 2004 wasu masana a birnin Heidelberg na Jamus suka toshe bakin wata ƙwayar gado mai suna TEP1 a jikin sauron da ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro a Afirka. Sai suka ga ƙwayoyin zazzaɓin sun ƙaru ninki-ba-ninki a cikin cikinsa. Ashe sauron ma yana yaƙi da cutar da yake ɗauke da ita, yana kashe mafi yawanta tun kafin ta kai ga bakinsa. Wannan ilimi ne da ba a samu ba sai ta wannan hanya. A nan ya kamata mu raba zare da abawa, don mutane suna haɗa wannan da aikin sauron da aka sauya wa halitta a Burkina Faso, wanda gwamnatin ƙasar ta dakatar a watan Agusta na 2025. Wancan taɓa kundin ne kansa don canjin ya bi zuriya. Toshe baki kuwa wasiƙa yake tarewa, kundin yana nan yadda yake, in maganin ya ƙare a jiki sai ƙwayar ta ci gaba da magana.

Zancen gona ya taso a 2007, sa'ad da rahotanni biyu suka fito a lokaci guda. Ɗaya daga birnin Shanghai na ƙasar Sin, a kan tsutsar auduga. Auduga tana da wata guba tata ta halitta, tsutsar kuma tana da ƙwayar gado mai karya wannan guba. Da aka toshe ta sai tsutsar ta kasa girma. Ɗayan daga kamfanin Monsanto na Amurka, a kan ƙwaron da tsutsarsa ke cinye saiwar masara a ƙarƙashin ƙasa har kara ya faɗi. Manoman Amurka suna kiran shi ƙwaron dala biliyan, don asarar da yake jawowa da kuɗin yaƙi da shi a shekara sun kai haka. Ƙwaro ne mai taurin kai. An yi masa dabarar sauya shuka, bana masara baɗi waken suya, sai wasu daga cikinsu suka koyi zuba ƙwai a gonar waken suya suna jiran masarar baɗi. Kamfanin ya ƙera masara wadda ita da kanta take yin RNA mai tufka biyu a jikinta, hukumar kare muhalli ta Amurka ta amince da ita a 2017, manoma kuma suka fara shuka ta a 2022 da sunan SmartStax PRO, lokacin kamfanin Bayer na Jamus ya riga ya saye Monsanto.

Na biyu ya fi jan hankalinmu, don shi feshi ne, ba a taɓa halittar shukar ba. A watan Disamba na 2023 hukumar nan ta Amurka ta yi rajistar wani magani mai suna Calantha na kamfanin GreenLight Biosciences, aka ba shi izinin shekara uku da farko. An yi shi ne don ƙwaron dankalin turawa mai zane-zane a baya, wanda ya riga ya gagari magunguna fiye da iri 50. Maganin yana toshe ƙwayar gadon da ke taimaka wa jikin ƙwaron ya share tarkacen furotin da suka lalace. In ya ci ganyen da aka fesa, bayan kwana biyu ko uku sai ya daina ci, shara ta taru masa a jiki ya mutu. 'Yan giram kaɗan ake bukata a hekta guda. Abin da ya zuba ƙasa kuwa ƙwayoyin ƙasa suna cinye shi cikin kwanaki kaɗan. Game da ɗan Adam, ya kamata a sani cewa RNA ba baƙuwa ba ce a cikinmu. Tana cikin tuwo da miya da nama da duk wani abinci da ya fito daga abu mai rai, hanjinmu kuma yana narkar da ita kullum. Inda masu sa ido suke zuba ido shi ne dangin ƙwaron na kusa, har da masu amfani irin waɗanda ke cinye darɓa, don in harufa 21 suka dace da nasu su ma za su ji a jikinsu. Shi ya sa ake gwada harufan da kundin sauran ƙwari kafin a saki magani.

Har zuwa nan labari mai daɗi ne. Amma mu dubi ƙwarin biyu da aka yi wa magani. Babu ko ɗaya daga cikinsu da yake damun manomi a Afirka ta Yamma. Abin da ke cinye mana masara tun daga 2016 shi ne tsutsar nan da ta ƙetaro daga nahiyar Amurka, wadda ta yi wa Ghana mummunar ɓarna a daminar 2017. Abin da ke huda kwanson wake a gona shi ma tsutsa ce. Dukansu 'ya'yan dangin malam-buɗe-littafi ne, kuma wannan dangi shi ne ya fi ba masana wahala. Ruwan cikinsu yana da sinadarai masu narkar da mai tufka biyu tun kafin ta shiga jiki, ɗan abin da ya shiga kuma sau da yawa yakan maƙale bai isa wurin almakashi ba. Fara ma haka take. In an yi mata allura a ɗakin bincike maganin yana kama ta sosai, amma in ta ci ta baki sai cikinta ya narkar da shi. Wa zai bi garken fara da allura? Ana ta ƙoƙarin naɗe maganin cikin wasu ƙananan kwansuna don ya tsallake ciki lafiya, amma wannan aiki yana hannun masu bincike.

Kada kuma a rikita wannan da sabon irin waken da aka saki don tsutsar kwanso, watau SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru a Zariya a 2019, da Songotra-T na cibiyar Nyankpala kusa da Tamale a 2024. Waɗannan furotin ne na wata ƙwayar ƙasa aka sa musu, wanda ke fasa hanjin tsutsa. Hanya ce dabam, kuma ba ta hana ƙwaron rumbu shiga wake bayan an girbe.

Inda muke ganin ƙofa a buɗe shi ne wajen ƙwari masu taurin baya, don su ne maganin ya fi kamawa, kuma yawancin ɓarayin rumbunmu 'yan wannan gida ne: ƙwaron wake, ƙwaron masara, na gari, na goro, da wanda ke huda dankalin Hausa a cikin kunya. A 2016 masana a jami'ar Ghent ta Beljiyam, tare da cibiyar binciken dankali ta duniya, sun nuna a ɗakin bincike cewa ƙwaron dankalin Afirka yana mutuwa in ya ci maganin. Wannan alama ce mai kyau. Sai dai akwai wata matsala da duk mai sayar da wake zai gane nan take. Uwar ƙwaron wake tana liƙa ƙwanta a bayan ƙwaya, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta nutsa ciki kai tsaye, a can za ta ci ta girma, ba a ganin ta sai ranar da ta huda ƙofa ta fito. Babban kuma ba ya ma bukatar abinci, 'yan kwanaki yake yi ya zuba ƙwai ya mutu. Tsutsar goro ita ma a ciki take ɓarnarta. Maganin da sai an ci shi yake aiki, yaya zai isa bakin wanda ke cikin ƙwaya? Hanya mafi sauƙi ita ce waken ya yi maganin da kansa, wannan kuwa ya koma zancen sauya halittar shuka, da duk gardamar da ke tattare da shi, da izinin hukumar da dokar 2011 ta kafa a nan Ghana don kula da irin waɗannan tsirrai.

Akwai kuma zancen kuɗi, wanda ba a cika faɗa ba. Alfaharin wannan magani shi ne yana kashe ƙwaro guda, amma a wajen ɗan kasuwa wannan aibi ne. Gubar da ke kashe komai ana sayar da ita ga mai koko da mai auduga da mai tumatir duka. Magani mai suna kuwa sai an zauna an karanta kundin kowane ƙwaro, an gwada, an yi rajista dabam, kuma masu sayensa su ne masu fama da wannan ƙwaron kaɗai. Kamfani zai yi wannan wahala don manoman masara na Amurka masu dubban eka. Ba mu ga abin da zai sa ya yi ta don fataken goro na Kumasi ba. In za a yi wa ƙwarinmu magani, to daga jami'o'inmu da cibiyoyin binciken gwamnati zai fito, irin su Nyankpala da Samaru da cibiyar noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan, kuma sai an ba su kuɗin yi. 'Ya'yanmu na Zango da ke karatun kimiyyar halitta a Legon da Kumasi da Tamale, ga fili nan.

Kuma ko an samu, tsugune ba ta ƙare ba. An zaci tun da ana iya sauya harufan magani, in ƙwaro ya gagari wannan sai a rubuta masa wani. A 2018 masanan Monsanto da kansu suka ba da rahoton cewa sun reni ƙwaron saiwar masara wanda maganin ba ya kama shi. Da aka duba sai aka tarar ba harufansa ya sauya ba, hanjinsa ne ya daina karɓar duk wata mai tufka biyu, ko da wane suna aka rubuta mata. Watau ya rufe gidan waya baki ɗaya. A 2021 wasu masana a jami'ar Tennessee suka yi irin wannan gwaji da ƙwaron dankalin turawa, bayan zaɓe tara kacal suka sami zuriyar da ta fi iyayenta jure maganin fiye da sau 11,000. Saboda haka ne ake gargaɗin manoman can da kada su dogara da shi kaɗai, su riƙa sauya shi da wasu hanyoyi.

Ga mai wake a kasuwar Bawku ko Nima, abin da ke hannu a yau shi ne buhun nan mai riɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, wanda aka fara yaɗawa a Afirka ta Yamma a 2007 da sunan PICS. Asalin dabarar daga binciken da jami'ar Purdue ta Amurka ta yi ne tare da masana na Kamaru a Marwa. In an busar da wake sosai, an matse iska an ɗaure kowace leda dabam, ƙwarin da ke ciki su ne za su shanye ɗan iskan da ya rage su mutu, ba tare da an zuba ko ɗigon guba ba. Kuma in wani ya zo muku da kwalba a tasha ya ce sabon maganin Amurka ne mai kiran sunan ƙwaro, ku tambaye shi sunan wane ƙwaro aka rubuta, sa'an nan ku nemi lambar rajistar hukumar kare muhalli ta ƙasa a jikin kwalbar.

A wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda fara ɗaya mai zaman kanta take rikiɗa ta shiga garke.